Malam Edita, awa 150 ɗin nan ta Japananci ba a kasuwa ake sayenta ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya haƙuri da jama'a. Dan Allah ka ɗan sam min fili a jaridar nan taku in yi magana da ƙannena masu son zuwa Japan karatun yare, saboda wallahi saƙonnin da nake samu a WhatsApp sun fi ƙarfina, kullum tambaya ɗaya ce, "yaya ina zan samu takardar awa 150?" Wato shaidar cewa mutum ya yi awa 150 a aji yana koyon Japananci. Ba wanda yake tambayata a ina zai koyi yaren, kowa takardar yake nema. To gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta.

Abin ya ƙaru ne tun watan Agustan 2025 lokacin da aka yi taron TICAD na Japan da ƙasashen Afirka karo na 9 a Yokohama, hukumar JICA ta Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa ta ware garuruwa 4 na Japan ta haɗa su ƙawance da ƙasashen Afirka 4, Najeriya aka haɗa ta da Kisarazu. Sai labari ya bazu wai Japan ta ba mu gari, wai za a buɗe biza ta musamman. Gwamnatin Japan ta fito ta ce sam babu wannan maganar, kuma kafin ƙarshen Satumba JICA ta janye shirin ma gaba ɗaya. Amma ka san halin mutanenmu, labarin farko shi ne yake zama a kai, gyaran da ya biyo baya ba mai ji. Su kuma ejan-ejan ɗin nan masu ofis a cikin waya suka samu kasuwa, tunda babu waccan bizar sai suka koma tallar hanyar makarantar koyon yare, suna cewa kawo kuɗi kawai mu za mu haɗa maka komai har da shaidar ka iya Japananci.

Ni na bi ta wannan hanyar kuma na ji a jikina, shi ya sa nake magana.

Bari in fara da yadda tsarin yake don wanda bai sani ba. In kana son zuwa makarantar koyon Japananci na dogon lokaci, ba kai ne kake fara zuwa ofishin jakadanci ba. Makarantar ce take karɓar takardunka ta kai wa hukumar shige da fice ta Japan, su duba, in sun gamsu su fitar da wata takardar cancanta da ake kira COE, da ita ne za ka nemi biza daga ofishin jakadancinsu da ke Abuja. Ana ɗaukar ɗalibai sau 4 a shekara, Afrilu da Yuli da Oktoba da Janairu, amma Afrilu da Oktoba su ne manya, ba kowace makaranta ce take ɗauka a sauran biyun ba. Kuma ana rufe karɓar takardu wata 5 zuwa 6 kafin a fara karatu, wato mai son shiga a Afrilu tun wajen Oktoba ko Nuwamba ya kamata ya gama haɗa komai, sakamako kuma sai ƙarshen Fabrairu. Iyakar zaman da za ka yi a irin wannan makarantar shekara 2 ne, ba ƙari. Sharuɗɗan da ake nema: ka yi karatun boko na shekara 12, ka nuna wanda zai ɗauki nauyinka da bayanan asusunsa na banki da shaidar inda yake samun kuɗin, sannan ka nuna ka riga ka fara koyon yaren tun daga gida. Wannan na ƙarshen shi ne inda muke faɗawa rami.

Mutane suna mamaki, suna cewa to in na iya yaren me zai kai ni makarantar koyonsa? Ai ba cewa aka yi ka iya ba, cewa aka yi ka fara. Matakin da ake nema shi ne mafi ƙanƙanta, wanda suke kira A1, kuma a lokacin da na nema ana nuna shi ta hanya biyu. Ko dai ka ci jarrabawa, wadda aka fi sani ita ce JLPT a matakinta na ƙasa wato N5, akwai kuma wasu da ake karɓa irin su NAT-TEST da J.TEST, ko kuma ka kawo shaida daga makarantar da ka yi karatu cewa ka zauna a aji aƙalla awa 150. Wasu makarantun kan ɗaga wa mai digiri ƙafa a kan wannan takardar, amma wannan sai ka tambayi makarantar da bakinka, kar ka ɗauki maganar ejan.

To ni a karon farko wani ne ya haɗa min takardar. Ban taɓa zama a aji ko na minti ɗaya ba amma ga takarda da hatimi ja da sa hannu tana cewa na yi awa 160, har da maki mai kyau. Na biya kuɗi masu ciwo, kuɗin da mahaifiyata ta sayar da tumakinta ta haɗa min. Mutumin yace kar in damu ba wanda zai tambaye ni komai, in an kira ni ma in ce "hai" wato "e" kawai shi kenan. Sai makarantar ta turo saƙo cewa za a yi min intabiyu ta Zoom, ƙarfe 4 na yamma agogonsu, wato 8 na safe a Kano tunda sun riga mu da awa 8. Na sa farar shadda ta da na ajiye don sallah, na zauna a ɗakin abokina saboda shi ke da sola. Wata malama ta bayyana, dattijuwa da tabarau, ta sunkuyar da kai ta gaishe ni nima na ce konnichiwa da ƙarfina. Ta ce "o-namae wa nan desu ka", wato meye sunanka, nace hai. Ta yi murmushi ta sake maimaitawa a hankali, na sake cewa hai. Sai ta ɗago wani kati da harafi ɗaya a jiki, あ, wanda shi ne harafin farko, kamar a nuna wa yaro alif a makarantar allo ya kasa. Na yi zuru. Ta ɗago agogon kwali ta tambayi ƙarfe nawa, nan ma shiru, gumi ya karyo min duk da fanka tana juyawa, har na fara tunanin in kashe data in ce netwok ne. Ba ta yi faɗa ba ko kaɗan, da Turanci ta ce min a hankali takardar da ka turo ta ce ka yi awa 160, wane littafi kuka yi amfani da shi, kun kai darasi na nawa? Malam Edita ban san sunan littafin da aka rubuta a takardar tawa ba. Duk abin bai kai minti 5 ba.

Daga baya ne na gane matar nan taimakona ta yi. Da makarantar ta rufe ido ta tura takarduna hukumar shige da fice suka gano, to an rubuta a fayil ɗina kenan, kuma duk makarantar da ka sake nema sai ta tambaye ka ko an taɓa nema maka COE aka hana, da dalilin hanawar. Hukumar tana iya buga waya ta bincika, ko wajen makarantar da ta ba da shaidar ko wajen mai ɗaukar nauyi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a hannun mutanen da suke duba ko kwanan watan da ke takardar firamarenka ya dace da na sakandare.

Kuma ba don ƙiyayya suke wannan tsananin ba, abin yana da tarihi. Japan ta daɗe tana neman ɗalibai daga waje, tun 1983 zamanin firaminista Nakasone suka sa burin 100,000, a 2008 suka ɗaga zuwa 300,000, a 2023 kuma suka ce 400,000 nan da 2033. Amma a tsakiyar haka aka samu makarantun da suka mayar da abin kasuwanci, suna kwaso mutanen da aiki ya kawo su ba karatu ba. A 2019 aka bankaɗo wata jami'a a Tokyo da ɗalibai ƴan waje kusan 1,600 suka yi ɓatan dabo cikin shekara 3. A shekarar ne aka tsaurara wa makarantun yare, aka ce dole kashi 70 cikin 100 na masu gamawa su wuce gaba da karatu ko su samu aiki ko su nuna sun kai wani mataki a yaren, makarantar da ta kasa shekara 3 a jere sai a cire ta daga jerin waɗanda aka yarda su kawo ɗalibai. Daga Afrilun 2024 kuma sabuwar doka ta fara aiki wadda ta sa ma'aikatar ilimi ce take tantance makarantun da malamansu. To ka ga ita ma makarantar wuyanta ne a kan igiya, in ta ɗauko wanda zai gudu ko zai yi ta barci a aji ita za ta kwana a ciki. Shi ya sa suke intabiyu da kansu ko da ka kawo takarda.

Bayan wannan abin kunyar na yi kusan wata ɗaya ban son ko jin sunan Japan. Mahaifiyata ba ta ce min komai ba a kan kuɗin, wanda ya fi min ciwo a kan ta yi faɗa. Wata rana dai na zauna na yi lissafi, nace wai awa 150 ɗin nan nawa ce? In kana awa 1 kullum wata 5 ne. In awa 2 ce kwana 75, wata biyu da rabi. Lokacin da na ɓata ina bin ejan ina jiran ya ɗaga waya ya fi haka. Na samu aji ta intanet mai malami na gaske da rajistar zuwa, muna haɗuwa da daddare sau 4 a sati, na haɗa da darussan kyauta na Japan Foundation, akwai dandalinsu Minato akwai kuma Irodori da ake saukewa ba ko sisi, sai shirin koyon Japananci na NHK, gidan rediyo da talabijin na Japan. Abu ɗaya da zan ja kunne a nan, karatun da ka yi kai kaɗai a ɗaki yana da amfani sosai wajen intabiyu da jarrabawa amma yawanci ba ya zama takardar awa 150, ita sai daga makaranta, kuma ana so a ga sunan makarantar da adireshinta da ranar farawa da gamawa da adadin awannin da ka halarta da littafin da aka yi. Kafin ka biya kowane aji tura wa makarantar Japan ɗin samfurin takardarsu ka tambaya ko za su karɓa.

Haruffan su ne suke fara tsorata mutum. Hiragana 46, katakana 46, sannan kanji wanda shi ba ya ƙarewa, na yau da kullum da gwamnati ta jera ma 2,136 ne, amma a matakin N5 kamar 100 ake buƙata da kalmomi wajen 800. Ni dabarar makarantar allo na yi musu, in rubuta layi ɗaya in karanta da ƙarfi in goge in sake, a i u e o, ka ki ku ke ko, kamar yadda muke ba bi bu da muna yara. Cikin sati 2 hiragana ta zauna. Katakana ce ta wahalar da ni saboda akwai wasu guda huɗu シ da ツ da ソ da ン da har yau in na gaji sai na tsaya na ƙura musu ido. Amma mu da muka tashi da rubutu biyu, boko daga hagu ajami daga dama, bai kamata sabon harafi ya firgita mu ba.

Abin da ba wanda ya taɓa gaya min shi ne Bahaushe yana da sa'a a wajen furta Japananci. Wasulansu 5 ne irin namu sak. Suna bambanta gajeren wasali da dogo kamar yadda muke bambanta gari na zama da gari na tuwo, a wajensu obasan goggo ce obaasan kuma kaka, in ka ja wasalin a inda bai kamata ba ka tsofar da matar mutane. Suna da baƙi mai ruɓi kamar baba da babba, su kuma kite zo ne kitte kan sarki. Har hawa da saukar murya suna da shi, hashi tana iya zama gada tana iya zama sandunan cin abinci, kamar kuka ta miya da kuka na hawaye. Turawan ajinmu suna shan wuya a kan waɗannan, ni kuwa malama har tambayata ta yi ko na taɓa zama a Japan. Sai dai akwai kalmomin da za su ba ka dariya, kalmar "kuma" a wajensu sunan wata dabbar daji ce, "mata" na nufin sai an sake, "nama" kuwa ɗanye, ranar da na fara ganin an rubuta nama a jikin abinci na ɗauka na samu abin da nake nema ashe gargaɗi ne. Inda aka fi mu shi ne tsarin jimla, su aikatau a ƙarshe yake zuwa, sai ka jira mutum ya gama magana kafin ka san ya yi ne ko bai yi ba. Wani abokina Babarbare yace shi wannan bai dame shi ba don haka Kanuri yake. Sai kuma ƙirge, mutum ɗaya hitori, biyu futari, uku sannin, ranar 1 ga wata tsuitachi, ranar 20 hatsuka, ba ruwansu da ƙa'idar da ka haddace jiya. Waɗannan su ne ainihin abin da ake tambaya a intabiyu, sunanka, shekarunka, ku nawa ne a gida, ƙarfe nawa ka tashi, me ka ci jiya, me ya sa kake son zuwa Japan.

Game da JLPT kuwa ga abin da ya kamata mutum ya sani. Tun 1984 ake yinta, matakai 5 ne tun 2010, N5 ne ƙasa N1 ne ƙololuwa. Sau 2 ake yi a shekara, Lahadin farko ta Yuli da Lahadin farko ta Disamba, kuma a wajen Japan ba kowane gari ne yake yin duka biyun ba, wasu sau ɗaya ne kawai. A Afirka akwai cibiyoyi a birane irin su Accra da Alƙahira da Nairobi, a duba jerin garuruwa a shafin jarrabawar na shekarar don yana canzawa. Ana rufe rajista watanni kafin ranar. A N5 maki 180 ne gaba ɗaya, ana cinta da 80, amma da sharaɗi, dole ka samu aƙalla 38 cikin 120 a ɓangaren kalmomi da nahawu da karatu, da 19 cikin 60 a ɓangaren sauraro, in ka faɗi ɗaya ka faɗi duka ko da jimillarka ta haura. Sakamakon Yuli sai ƙarshen Agusta, na Disamba sai ƙarshen Janairu. To a nan ne lissafi yake, wanda ya zauna ta Disamba ba zai samu sakamako ya shiga zangon Afrilu da shi ba don an riga an rufe tun Nuwamba, sai dai ya nufi Oktoba. Mai son Afrilu ta Yuli zai zauna. Mutane da yawa suna rasa wata 6 a kan wannan ɗan lissafin kawai. Kuma jarrabawar duk zaɓi ce, babu magana babu rubutu, don haka ana iya cinta baki bai buɗe ba, kar wanda ya ci ya ɗauka ya tsallake intabiyu.

A ganina in mutum yana da halin zuwa inda ake jarrabawar to ya yi ta, ta fi takardar awanni nauyi nesa ba kusa ba, don ita ba a saye kuma ba mai shakkarta. Mu da muke fitowa daga ƙasashen da ake bin takardunmu da ƙwaƙƙwafi, duk abin da zai rage zargi riba ne. In ba hali to a yi ajin na gaske.

Karo na biyu da na zauna intabiyu, wata makarantar ce daban kuma na gaya musu gaskiyar abin da ya faru a baya tun kafin su tambaya. Malamin ya ɗago agogo nace yoji han desu, huɗu da rabi, ya ce in karanta layi 3 na hiragana na karanta ina tuntuɓe, ya tambaye ni me nake so nace ina son shayi da ƙwallo, yayi dariya. Ban yi abin a zo a gani ba amma ya ga alamar na zauna na koya, iyakar abin da suke nema kenan.

Sai da na sauka ne na gane awa 150 ɗin ma wasan yara ce. A makarantun nan ana darasi 20 a sati, 760 a shekara, wato abin da muke ta kuka a kai bai kai karatun wata uku a can ba. Ranar farko za a yi maka jarrabawar raba aji, kuma daga ranar malami ba zai ƙara yi maka Turanci ba, Japananci ake koyar da Japananci. Ajinmu akwai ƴan Nepal da Vietnam da Myanmar da Sri Lanka da China, babu yaren da ya haɗa mu sai wanda muke koyo. Ƴan China kuwa kanji a wajensu kamar gida ne, kai kana zana harafi ɗaya kamar mai zanen lalle su sun gama shafi. A cikin kwana 14 dole ka je ofishin unguwa ka yi rajistar adireshinka, ka shiga inshorar lafiya, ka buɗe asusun banki, ka gane ranar da ake fitar da shara mai ƙonuwa da ranar kwalba, duk da yaren. Sannan mu musulmi akwai namu ƙarin, sati na farko na haddace 豚 wato alade da 酒 wato giya kafin ma a koya mana su, don sai ka juya bayan leda ka karanta kafin ka sayi ko biskit.

Maganar aiki kuma tunda na san ita ce a zuciyar mafi yawanmu. Ɗalibi yana da izinin aiki awa 28 a sati in ya nemi izinin, lokacin dogon hutu har awa 8 a rana, kuma hukuma tana ganin komai ta hanyar haraji, wanda ya wuce ƙa'ida zai gani a ranar sabunta biza. Mafi ƙarancin albashi ya ɗan haura yen 1,000 a awa, ka lissafa da kanka, abin da zai shigo a wata yana wajen yen 120,000, a ciki za ka biya haya da abinci da jirgin ƙasa. Kuɗin makaranta na shekarar farko kuwa yana kaiwa yen 700,000 zuwa 900,000 ya danganta da gari. Duk ejan ɗin da yace maka za ka biya makaranta ka ci ka sha har ka turo gida da wannan aikin, ƙarya yake. Kuma nan ma yaren ne yake raba gardama, wanda yake iya amsa waya ya gaisa ya fahimci umarni zai samu aiki a kantin konbini ko gidan abinci da rana, wanda bai iya ba sai aikin dare a masana'antar haɗa abincin kwali ko wajen rarraba kaya, ya fito da asuba ya zo aji yana gyangyaɗi, zuwansa makaranta ya ragu, makaranta kuma tana kai rahoton zuwan kowa ga hukuma. Na ga wani yaro ɗan wata ƙasa da ya zo da irin takardar da aka taɓa haɗa min, shi tasa ta wuce, wata 8 muna tare bai wuce gaisuwa ba, kullum kansa a kan tebur, ranar da aka ƙi sabunta masa biza ni na raka shi tasha da jakarsa. Da tawa ta wuce a karon farko da ni ne shi.

Gaba kuma tudun ya fi haka. Mai son shiga jami'a ko makarantar koyon sana'a da Japananci yawanci N2 ake nema ko jarrabawar shiga jami'a ta EJU da ake yi a Yuni da Nuwamba. Bizar ma'aikata masu sana'a da aka buɗe a 2019 tana neman N4 ko wata jarrabawar yare mai suna JFT-Basic tare da jarrabawar sana'ar. Daga sifili zuwa N2 cikin shekara 2 ga wanda bai tashi da kanji ba aiki ne ja, duk watan da ka ci a gida kafin ka taso ragi ne. Wanda ya zo da N4 a hannu ya fara daga aji na gaba, ya tsallake wata 3 zuwa 6 na kuɗin makaranta da zai kashe yana koyon abin da zai iya koya a ɗakinsa a Kano ko Zinder da datar dubu biyu.

Ga wanda kuma ba shi da kuɗin nan gaba ɗaya, akwai tallafin karatu na gwamnatin Japan da ake kira MEXT, ta ofishin jakadancinsu ake nema kai tsaye kowace shekara, babu ejan a tsakani babu kuɗin fom, kuma su da kansu suke koya wa wanda suka ɗauka yaren kafin ya fara karatun. Gasa ce mai zafi amma halal ce.

Roƙona gare ku Malam Edita, dan Allah in an kawo muku tallar masu cewa "Japan cikin wata 3 ba sai ka iya yare ba" ku riƙa tambayarsu sunan makarantar da ke Japan ɗin, don hukumar shige da fice da ma'aikatar ilimi suna wallafa jerin makarantun da aka amince da su kowa yana iya dubawa. Iyaye kuma kafin ku sayar da gona ko dabba, ku ce yaron ya zauna a gabanku ya rubuta sunansa da katakana ya ƙirga daga 1 zuwa 100 da Japananci, ko ba ku jin abin da yake faɗa za ku gane in yana inda-inda. Ƙanina na gida da ya dame ni da maganar takarda na ce masa ba zan tura masa sunan makaranta ko ɗaya ba sai ya turo min murya yana karanta hiragana daga あ har ん ba tare da ya duba ba. Jiya ya turo, ya tsaya a layin ma mi mu me mo yana ta dariya, nace ya koma ya sake.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka. A gaida mutanen gida.

Naku,
Wani ɗan Kano mai karatu a Osaka